Gidajen rediyonmu na ƙirga wayoyi, sun manta da kunnuwa

Wata Talata da ta gabata na je gaishe da Goggo, ƙanwar mahaifina, a unguwar Yelwa da ke nan Garwa. Na iske ta tsakanin magariba da lisha tana fama da wata ƙaramar rediyo mai batir wadda ta ɗaure murfinta da robar taya, tana kai allura gaba tana dawo da ita baya. Da na tambayi abin da take nema sai ta ce: "Ɗana, shirin nan na Hausa da ake kawo ungozomar asibiti tana amsa tambayoyin mata, mako uku ke nan ban ji ɗuriyarsa ba. Ko akwatin ne ya tsufa?"

Akwatin lafiyarsa ƙalau. Shirin ne aka ɗauke daga bayan magariba aka mai da shi ƙarfe 11 na safe, lokacin da Goggo take bakin kasuwa a gaban kwanon gyaɗarta, aka zuba kiɗa da gaishe-gaishe a gurbinsa.

Bayan kwana biyu na haɗu da wani ma'aikacin wannan gidan rediyo a wurin ɗaurin aure, na kai masa ƙarar Goggo. Bai yi gardama ba, sai ya ciro wayarsa ya nuna mini shafinsu na Facebook, inda suke watsa shirye-shirye kai tsaye. Shirin gaishe-gaishe yana tara masu kallo da masu sharhi har a gaji da karantawa, shirin ungozoma kuwa da ƙyar mutum goma suke leƙawa. Ya ce da ni: "Malam, lamba ba ta ƙarya."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. A ganina, gidan rediyon da ke Arewacin Kamaru wanda ya mai da alƙaluman Facebook ma'aunin masu sauraronsa yana auna hatsi da mudun da ba na kasuwarsa ba, kuma idan ya ci gaba da haka zai kori mutanen da suka riƙe shi shekara da shekaru saboda neman waɗanda ko sunan tashar ba su riƙe ba. Ban ce a guji intanet ba, kuma ban ce a daina ƙidaya ba. Ƙidaya ma nake nema, amma wadda za ta shiga har cikin gida da gona.

Abin da lambar take gani, da abin da ba ta gani

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi da sassafe a tashar mota, ko a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ya san yadda ake sauraron rediyo a ƙasar nan. Akwati ɗaya ne a rataye jikin ƙusa kusa da gwangwanin madara, mutum takwas ko tara suna zaune a kan benci, ga ɗan moto ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana jiran a gama kanun labarai, ga mai wankin takalmi a gefe. Idan aka karanta sanarwar rasuwa kowa zai yi tsit har a faɗi unguwa da lokacin jana'iza, sannan a koma kurɓar shayi. Waɗannan mutane duka, a lissafin wayar abokina ma'aikacin rediyon nan, babu su.

Haka kuma yaron tela da ya soka abin kunne a ƙaramar wayarsa mai maɓallai yana kama FM. Igiyar abin kunnen ce eriyarsa, ba ya ƙona mega ko ta dala ɗaya, kuma ba ya barin sawu a kowace na'ura. Zai iya wuni yana sauraron tashar daga safe har la'asar ba tare da wani allo a duniya ya nuna cewa yana nan ba.

To su wa lambar take gani? Waɗanda suke da babbar waya, da kuɗin mega, da caji, da sabis mai ƙarfi. Galibinsu samari ne na cikin birni, sai 'yan uwanmu da ke ci-rani a Duwala da Yawunde da Libarbil da Saudiyya, masu kewar gida. Ina murna da su, kuma haƙƙinsu ne su ji muryar garinsu. Amma mai shagon takin zamani da ya biya kuɗin talla a Garwa ba zai sayar wa mazaunin Jidda buhu ko ɗaya ba.

Sannan akwai maganar abin da ake nufi da "kallo". Shekaru da dama Facebook yana lissafa daƙiƙa 3 kacal a matsayin an kalli bidiyo. Wato wanda yatsansa ya ɗan tsaya a kan hoton mai gabatarwa kafin ya wuce zuwa wasan ƙwallo an ƙirga shi, Goggo kuwa da take zama minti talatin cur, ta kira kishiyar ɗiyarta da maƙwabciya su zo su ji abin da ake faɗa game da hawan jinin mai ciki, ba a ƙirga ta ba. Lambar ba ta yi ƙarya ba, gaskiya ne. Tambayar da aka yi mata ce ba ita ce tambayar da ta amsa ba.

Mudu yana canza abin da ake dafawa

Abin da ya fi damuna shi ne, ma'auni ba ya tsayawa a auna kawai, yana komawa ya sarrafa abin da ake aunawa. An ga haka a ƙasashen da suka riga mu wannan harka.

A Amurka, shekaru da yawa kamfanin Arbitron yana raba wa mutane ɗan littafi su rubuta tashoshin da suka saurara cikin mako guda. Daga 2007 ya fara amfani a manyan birane da wata 'yar na'ura da mutum yake ɗauka a jikinsa, wadda take jin wata ɓoyayyar alama da tashoshi ke cusawa cikin sautinsu, alamar da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Kamfanin Nielsen ya saye Arbitron a 2013. Da na'urar ta nuna cewa mutane suna sauya tasha fiye da yadda suke rubutawa a littafi, sai gidajen rediyo suka shiga gajarta maganar masu gabatarwa, suka rage doguwar hira, suka tsara lokacin talla daidai da yadda ake yanka sa'a kashi huɗu wajen lissafi. A da sai mutum ya saurari tasha minti 5 cikin kowane minti 15 kafin a rubuta mata shi, amma a farkon 2025 aka rage zuwa minti 3, saboda an lura haƙurin masu sauraro ya ragu. Dokar lissafi ta sauya, tsarin shirye-shirye ya bi ta.

Can ke nan, inda ake kashe maƙudan kuɗi don a zaɓi mutanen da za su wakilci kowane rukuni na al'umma, kuma duk da haka tashoshin baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci sun yi ƙorafin cewa na'urar ba ta ƙirga mutanensu yadda ya kamata. Ina ga mu da muke ɗora tsarin shirye-shiryenmu a kan ma'aunin da babu wanda ya tsara shi domin mu?

Ba wai ba a auna masu sauraro a Kamaru ba. Kamfanin Kantar yana da binciken da ake kira Africascope, wanda yake bin manyan biranen ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin su Dakar da Abijan da Bamako da Kinshasa. A Kamaru, Duwala da Yawunde yake tsayawa. Manyan kamfanonin da ke raba kasafin talla suna duba irin waɗannan alƙaluma a ofisoshinsu na kudu, kuma a cikinsu babu Garwa, babu Marwa, babu Ngaundere, balle Gidar ko Tubaro ko Kuseri. Gari irin Garwa, wanda yake da gidan rediyo tun 1958, kafin 'yancin kai da kuma kafin a kafa CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, a 1987, har yau ba shi da wata takarda da kowa ya yarda da ita mai nuna wa yake jin me. Wannan giɓi shi ne Facebook ya cike, domin ya zo da lamba kyauta a lokacin da babu wata.

"Ai matasa sun bar rediyo"

Wannan ita ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ɗan autana ba ya murɗa akwati. Labarinsa a waya yake samu, wa'azinsa a katin memori, kiɗansa a TikTok. Tsarin da muka tashi da shi, na kowa ya nutsu da asuba ko bayan lisha don jin BBC Hausa da ta fara tun 1957, ko Muryar Jamus, ko RFI Hausa da ta zo a 2007, ya sassauta ƙwarai a cikin birni, kuma su kansu waɗannan manyan gidaje sun zuba ƙarfinsu a intanet.

Amma a duba abin da ke yawo a wayoyin nan. Sau da yawa muryar da ake turawa daga zauren WhatsApp zuwa wani, a ce "ku saurara ku tura wa wasu", guntun shirin rediyo ne da wani ya naɗa. Abin da matashi ya bari shi ne zama jiran lokaci. Bai bar son jin magana da harshensa daga bakin wanda ya amince da shi ba. Maganin wannan kuwa a bayyane yake: a watsa shirin a FM a lokacin da mutanen FM suke da sukuni, sannan a yanka shi gunduwa-gunduwa, minti biyu ko uku, a sake shi a waya ga wanda yake son ji a lokacin da ya ga dama. Sauti ba ya cin mega kamar bidiyo, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya ko babu sabis. Ba a buƙatar tashin Goggo daga tabarmarta don a shimfiɗa wa jikanta.

Akwai kuma abin da ya kamata mu tuna kafin mu miƙa wuya gaba ɗaya ga intanet. A 2017 an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na ƙasar nan har tsawon wata uku. Maƙwabtanmu na Cadi sun yi daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe musu shafukan sada zumunta. A watan Maris na 2025 Muryar Amurka, wadda sashenta na Hausa ya fara tun 1979, ta yi shiru dare ɗaya saboda umarnin da aka sa wa hannu a Washington. Mu kuma nan, duk lokacin bazara da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki, mun san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa, waya ta mutu tun azahar, akwati mai batir biyu kuwa yana ta magana. Tashar da ta saki masu akwati ta kama masu waya kaɗai ta jingina da ginshiƙin da ba ita ke riƙe da shi ba.

"Da me za mu sayi man janareta?"

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Tun da dokar Afrilun 2000 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, ƙananan gidajen rediyo da na al'umma suke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya. Akwai man janareta, akwai gyaran na'urar watsawa idan tsawa ta taɓa ta, akwai ma'aikatan da wasunsu suke yin watanni ba su ga albashi cikakke ba. Idan darakta ya je neman talla aka ce ya nuna hujjar cewa ana jinsa, dole ya nuna abin da ke hannunsa, kuma abin da ke hannunsa shi ne yawan mabiya a Facebook.

Na yarda ya nuna. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya dawo ofis ya gaskata abin da ya nuna, har ya sake zana jadawalin shirye-shirye a kansa.

A tambayi kowane mai kula da kuɗi a waɗannan tashoshi daga ina ɗan abin da ke shigowa kullum yake fitowa. Daga kominike ne, wato sanarwar rasuwa da ta aure da ta suna, da cigiyar yaro ko saniya, da kiran taron manoman auduga, da ƙungiyoyin agaji masu sayen lokaci don yin bayani kan rigakafi ko kwalara. Duk waɗannan suna biya ne saboda sun tabbata saƙon zai kai ƙauyen da ba a samun sabis sai an hau tudu. Wanda mahaifinsa ya rasu da asuba yana kai takarda gidan rediyo ne don 'yan uwan da ke rugage su ji kafin azahar. Ranar da tashar ta rasa waɗannan kunnuwa, ta rasa dalilin da ya sa ake biyanta, kuma a fagen kiɗa da barkwanci ba za ta taɓa yin gasa da abin da ke cikin waya ba.

A nan zan ɗan ratse. Wani ɓangare na lokacin da ake cewa babu wurin shirin lafiya a cikinsa, an sayar da shi ne ga masu maganin gargajiya da ke rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana warkar da basir da ciwon suga da rashin haihuwa. Su waɗannan ba su taɓa tambayar lambar Facebook ba. Sun san sarai wa yake zaune gaban akwati bayan magariba, shi ya sa suke rububin wannan lokaci da kuɗinsu. Abin kunya ne a ce mai tallar magani ya fi darakta sanin masu sauraron tasharsa.

"Masu kiran waya suna gaya mana"

Wannan ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Duk mai bin shirin gaishe-gaishe ya haddace sunayen masu kira, domin su ne dai jiya, su ne yau. Maza ne masu kiredi a waya da kuma lokacin zama, suna gaishe da juna da shugaban ƙungiyarsu ta masu sauraro. Suna raya shiri, Allah ya saka musu. Amma matar aure da ke cikin gida ba za ta buga waya muryarta ta fita duniya tana tambaya kan zubar jini bayan haihuwa ba, sai dai ta aiki yaro da takarda ko ta yi shiru ta saurara. Shirun nata ake fassarawa da rashin sha'awa.

Ƙidayar da za mu iya

Za a ce bincike na gaskiya yana da tsada, ba mu da kuɗin na'urar Amurka. Ba ma buƙatarta. Ingila da duk arzikinta, hukumar RAJAR mai auna masu sauraron rediyo, wadda aka kafa a 1992, har yanzu tana dogara sosai da mutane su rubuta abin da suka saurara cikin mako. Hanya mafi sauƙi kuma tsohuwa ce: a sami mutum a tambaye shi abin da ya saurara jiya, daga tashinsa har kwanciyarsa, da wace tasha, da wane harshe, a akwati ko a waya, shi kaɗai ko cikin mutane.

Tashoshin gari ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ba wani wanda ba ɗan cikinsu ba ya yi musu wannan aiki, don kada kowa ya auna kansa ya ce shi ne na ɗaya. Muna da jami'a a Ngaundere, muna da ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022, cike da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Sharaɗin da zan kafa shi ne, rabin masu tambayar su zama mata, domin namiji baƙo iyakarsa zaure, kuma mafi yawan sauraron da ba a gani yana faruwa ne bayan zauren. Su iya Fulatanci da Hausa da Faransanci, a Kuseri da kewayenta a ƙara da Larabcin Shuwa. Kada su tsaya bakin kwalta. Su shiga ƙauyukan da siginar tashar take kaiwa, su daidaici ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba.

Kuma a yi shi aƙalla sau biyu a shekara, domin kunnen manomi yana bin yanayi. Da damina ya fita gona tun duku-duku da akwati a rataye a kafaɗa, ya dawo a gajiye ya kwanta da wuri. Da rani hira takan kai dare. Da azumi kuwa komai yana juyewa, lokacin sahur da na tafsiri su zama su ne kan gaba. Jadawali ɗaya tilo daga Janairu zuwa Disamba bai dace da ƙasar da rayuwarta take sauyawa haka ba.

Na san irin wannan bincike zai iya fito da abin da ba zai yi mini daɗi ba. A Arewacin Kamaru Fulatanci ne harshen kasuwa da titi, Hausa kuwa ɗan lokaci take samu a yawancin tashoshi, shi ya sa idan aka taɓa mana rabin sa'a muke jin zafinsa fiye da kowa. Wataƙila a ƙirga a tarar masu jiran shirin ungozoma ba su kai yadda nake zato ba, ko a tarar da yawa daga cikinsu sun riga sun karkata allura zuwa tashoshin Yola da ke tsallaken iyaka. Idan haka ta fito daga bakin mutanen da aka bi har gida aka tambaya, zan karɓa, in nemi wata hanyar da za a kai wa Goggo shirinta. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a yanke mata hukunci da shaidar mutanen da ba su san tana duniya ba.

Kafin mu rabu da ma'aikacin nan a wurin ɗaurin aure, na roƙe shi alfarma guda, ya kuwa yi mini. Duk mako yana turo mini sautin shirin ta WhatsApp, ni kuma in kai wa Goggo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Juma'ar da ta wuce na ajiye wayar a kan turmin da aka kife a tsakar gida na koma zaure na jira. Da na dawo ɗauka na ƙirga takalma shida a bakin tabarma, kuma wata daga cikin matan ta sa aka maimaita wurin da ungozomar take bayanin kumburin ƙafa har sau biyu. A wayar abokina, abin da ya bayyana shi ne saƙo ɗaya ya isa ga mutum ɗaya.